Yadda shuka ke ƙirga kwanakin sanyi kafin ta yi fure

A jihar Kansas ta Amurka, da filayen Yukren da kudancin Rasha, manomi yakan shuka alkamarsa a watan Satumba ko Oktoba, daidai lokacin da sanyi ke ƙaratowa. Sai ta tsiro, ta yi 'yan ganye, ta yi 'ya'ya a gindi, can kuma dusar ƙanƙara ta sauko ta lulluɓe gonar. Wata uku ko huɗu ido ba ya ganin wani motsi. Sai wajen Maris da Afrilu, bayan ƙasa ta fara ɗumi, alkamar ta miƙe, ta yi kara, ta yi ciki, ta fid da kai, a girbe ta a Yuni ko Yuli. Wanda bai san dawan garin ba zai ce ai wannan wahalar da kai ne, me zai hana a bari sanyin ya wuce sannan a shuka? An gwada. Idan aka ɗauki wannan irin aka shuka a ƙarshen Afrilu, zai tsiro lafiya lau, ya yi kore shar, ya cika gona da ganye, amma kai ba zai fito ba, in ma ya fito sai a makare, ɗaya nan ɗaya can. Ruwa bai gaza ba, taki bai gaza ba. Sanyi ne alkamar ba ta samu ba.

Ba alkama kaɗai ke da wannan hali ba. Akwai sha'ir na hunturu, akwai kabeji, da karas irin na ƙasashen Turai, da albasa, da seleri (wani ganyen miya na Turawa), da tushen nan mai zaƙi da Turawa ke tatsar sukari a jikinsa. Richard Amasino, masanin tsirrai a Jami'ar Wisconsin, ya taɓa wallafa hoton wani kabeji da aka rena shekara 5 a ɗaki mai ɗumi, ba a bari sanyi ya taɓa shi ba. Ya yi tsawo, ya yi kauri, ya zama ƙatuwar shuka, amma ko fure ɗaya bai yi ba.

Mutane kan ce sanyi ne ke sa waɗannan shuke-shuke yin fure. Maganar ba ta cika daidai ba, kuma gyaranta shi ne mabuɗin fahimtar al'amarin gaba ɗaya. A cikin sanyin shukar ba ta yin fure. Abin da sanyi ke yi shi ne kwance wani takunkumi da shukar ta taso da shi tun tana ƙwaya. Bayan an kwance shi, sai ɗumi ya dawo, yini ya yi tsawo, sannan furen ya zo. Wannan horon sanyi yana nufin shuka tana auna tsawon sanyin da ta sha, tana kuma riƙe da shi watanni bayan ya wuce, alhali ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta da jijiyar ji.

Me take gudu da har ta ɗora wa kanta wannan sharaɗi? Fure da 'yar ƙwayar da ke cikinsa su ne mafi rauni a jikin shuka. Alkamar hunturu da ke kwance a ƙasa, idon tsironta, wato inda sababbin ganye ke fitowa, yana ɓoye a ƙarƙashin ƙasa, tana iya jure sanyin da ya kai digiri 15, wasu irin ma kusan 20, ƙarƙashin sifili a ma'aunin Salshiyas, muddin ta saba da shi sannu a hankali. Amma da zarar ta miƙe ta yi ciki, daren sanyi guda ɗaya da ya ɗan sauka ƙasa da sifili ya isa ya kashe zangarniyar. Don haka duk alkamar da ta yi gaggawar fid da kai kafin hunturu ta yi asarar zuriyarta.

Mu a nan amfanin gonarmu na damina yana da nasa agogon. Manomin dawa ya san kaura da farafara, ko an shuka da wuri ko an ɗan makara, kusan lokaci guda suke fid da kai, wajen ƙarshen damina. Maiwa haka take, waken gida irin su kanannado ma haka. Su tsawon dare suke aunawa. A ƙasashen sanyi ma shuka tana auna yini da dare, sai dai wannan kaɗai ba ya isar ta. A ƙarshen Satumba da ƙarshen Maris yini da dare daidai suke. Ɗaya yana gaban hunturu, ɗaya yana bayansa, kuma shukar da ta rikita su ta halaka. Hanyar bambancewa ɗaya ce: shin na riga na sha sanyin, ko kuwa yana gaba? Kuma dole sanyin ya zama mai tsawo. Da a ce kwana uku na sanyi sun isa, da 'yar iskar da ke kaɗawa a Oktoba ta yaudare ta.

Sanyin da ke aiki ba mai daskarar da ruwa ba ne. Mafi tasiri yana tsakanin digiri 1 da 7, yana kuma raguwa yayin da aka haura 10. Idan shuka ta daskare sarai, ƙirgar takan kusan tsayawa, domin aikin yana bukatar ƙwayoyin halitta masu rai da motsi. Yawancin irin alkamar hunturu suna bukatar mako 4 zuwa 8. Abin kuma taruwa yake yi: wadda ta sha mako biyu za ta riga wadda ba ta sha komai ba yin fure, wadda ta sha huɗu ta riga ta biyun, har a kai matakin da ƙari ba ya ƙara komai. Idan aka katse horon tun bai nuna ba, aka sa shukar cikin zafin digiri 30 ko fiye na 'yan kwanaki, abin da ta tara yakan goge. In kuwa ya riga ya cika, zafi ba ya iya warware shi.

Manoma sun san wannan hali tun kafin masana su sa masa suna. A 1857 John Klippart na hukumar aikin gona ta jihar Ohio ya rubuta cewa idan aka jiƙa alkamar hunturu ta ɗan fara tsiro, aka ajiye ta cikin sanyi har lokacin shukar bazara, wato bayan hunturu ya wuce, za ta fid da kai a shekarar. A 1918 Bajamushe Gustav Gassner ya bi abin da gwaji a tsanake, ya nuna cewa hatsin hunturu yana da bukatar sanyi wadda na bazara ba shi da ita. Amma sunan da ya fi maƙalewa da batun shi ne na Trofim Lysenko, kuma ba da alheri ba.

Lysenko ya fito da nasa sakamakon a 1928 daga wata tashar bincike a Ganja ta Azarbaijan. Jiƙa iri da sanyaya shi ba sabon abu ba ne, amma ya tallata shi a matsayin maganin yunwar Tarayyar Sobiyet, aka tilasta wa gonakin gwamnati yin haka a fili mai faɗin gaske, duk da cewa gwaje-gwajen da wasu masanan ƙasar suka yi a natse ba su nuna ƙarin amfanin da yake ikirari ba. Daga nan ya zarce ya ce horon da aka yi wa uwa yana wucewa ga 'ya'ya, wato ana iya mayar da alkamar hunturu ta bazara har abada ta hanyar reno kawai. Stalin, shugaban ƙasar, ya mara masa baya. Nikolai Vavilov, wanda ya zagaya duniya yana tara irin shuka, ya ƙi amincewa. An kama shi a 1940, ya rasu a gidan yarin Saratov a 1943 da yunwa. A watan Agustan 1948 aka haramta koyar da ilimin gado na gaskiya a faɗin ƙasar, kuma Lysenko bai sauka daga muƙaminsa ba sai 1965. Duk lokacin da na tuna mutumin da ya tara irin abinci domin ciyar da duniya ya mutu da yunwa a kurkuku saboda ya ƙi yarda da ƙarya a kan ƙwayar alkama, abin yana sosa mini rai.

A lokacin da ake wannan a Rasha, wasu suna can suna aikin haƙuri. A Landan, cikin shekarun 1930, F. G. Gregory da Olive Purvis sun yi aiki da wani hatsi ɗan'uwan alkama da ake kira rye da Turanci. Suka ciro ɗan tayin da ke cikin ƙwayar, suka ɗora shi a kan abinci mai sukari, suka sanyaya shi shi kaɗai, kuma horon ya kama. Wasu suka sanyaya idon tsiron seleri kawai suka bar ganyen cikin ɗumi, shukar ta yi fure. Da aka juya, aka sanyaya sauran jiki aka bar idon cikin ɗumi, ba ta yi ba. Ashe wurin da ƙwayoyin halitta ke rarrabuwa suna ƙaruwa, can ne ake ajiye labarin.

Wannan ido abin a duba ne da kyau. A tuge alkama 'yar wata ɗaya, a wanke ƙasar gindin, a tsaga ta a tsaye da reza. Bayan an ɓare kuben ganyen ɗaya bayan ɗaya, can ciki daidai inda saiwa ta haɗu da kara, za a ga wani ɗan tsiro fari-fari mai sheƙi, bai kai milimita ɗaya ba, sai da gilashin ƙara girma ake ganin siffarsa. A alkamar hunturun da ba ta sha sanyi ba, wannan ɗan tudu ba abin da yake yi sai fitar da ganye, ɗaya bayan ɗaya. A wadda horonta ya cika kuwa, sai ya miƙe ya yi tsawo, layuka bibbiyu su bayyana a gefensa, kuma waɗannan layukan su ne za su zama gidajen ƙwaya. Zangarniyar da za a girbe a Yuli an riga an tsara ta a nan, tun shukar tana kwance a ƙasa ba wanda ya san abin da take ciki.

Batun riƙewa kuwa, Georg Melchers da Anton Lang ne suka nuna shi ƙarara a Jamus. Sun yi amfani da wata ciyawa mai bukatar abu biyu kafin ta yi fure: sanyi, sannan dogon yini. Suka ba ta sanyin, suka mayar da ita ɗumi amma suka hana ta dogon yini na tsawon watanni, har kusan goma. Ta yi ta fitar da sababbin ganye waɗanda ba su taɓa ganin sanyi ba. Ranar da aka ba ta dogon yini, sai ta yi fure. Ƙwayoyin da suka sha sanyin sun miƙa labarin ga waɗanda suka fito daga jikinsu, su ma suka miƙa gaba.

Yadda hakan ke faruwa bai fito fili ba sai ƙarshen ƙarnin da ya wuce, ta hanyar wata 'yar ƙaramar ciyawa 'yar dangin kabeji mai suna Arabidopsis, wadda masu bincike ke so saboda saurin rayuwarta. A 1999 ƙungiyoyi biyu, ta Amasino da Scott Michaels a Amurka, da ta Liz Dennis da Jim Peacock a Ostareliya, suka gano ƙwayar gadon da ke riƙe da takunkumin, wato ɗan yankin DNA da ke ɗauke da wannan hali daga uwa zuwa 'ya'ya. Sunanta FLC. Tana samar da wani furotin da ke zuwa ya danne wasu ƙwayoyin gado masu kiran fure. Babba a cikinsu ita ce FT, wadda ganye ke kunnawa idan yini ya yi tsawo, furotin ɗinta ya bi jijiyoyin shuka ya isa idon tsiro da saƙon a fara fure. Tun 1936 wani masanin Sobiyet, Mikhail Chailakhyan, ya ce lallai akwai irin wannan saƙo da ke tashi daga ganye, amma sai a 2007 aka tabbatar cewa FT ne. Muddin FLC tana aiki, ko yini ya kai tsawon me, saƙon ba ya tashi. A 2000 kuma ɗakin binciken Caroline Dean a cibiyar John Innes da ke Norwich a Ingila ya gano wata ƙwayar gado mai suna FRIGIDA, wadda aikinta shi ne ƙara wa FLC ƙarfi tun shuka tana ƙarama. Irin Arabidopsis da FRIGIDA ɗinsu ta lalace ba sa jiran sanyi, mako kaɗan sun yi fure.

Aikin sanyi ke nan: rufe bakin FLC, kuma ta ci gaba da zama a rufe. Zaren gado na DNA ba a warwatse yake cikin ƙwayar halitta ba, a nannaɗe yake a jikin wasu dunƙulallun furotin da ake kira histon. Akwai wata tawagar furotin mai suna PRC2, wadda ake samu a ƙuda da ɗan'adam ma, aikinta liƙa wata 'yar alama ta sinadari a jikin histon. Duk wurin da alamar ta taru, zaren yakan ƙulle, a kasa karanta abin da ke rubuce a wurin. A 2004 Sibum Sung da Amasino suka gano wani furotin, VIN3, wanda ba ya bayyana sai sanyi ya daɗe, yana ƙaruwa mako bayan mako, ya haɗu da PRC2 ya taimaka mata ta liƙa alamar a wani ɗan yanki kusa da farkon FLC. Da ɗumi ya dawo VIN3 yakan ɓace nan da nan, amma a lokacin ne alamar ke bazuwa ta mamaye FLC daga farko har ƙarshe. Duk sa'ad da ƙwayar halitta ta rabu biyu, ana kwafe alamar tare da zaren. Ko harafi ɗaya na DNA bai canja ba. An dai rufe shafin ne.

An daɗe ana zaton FLC raguwa take yi a hankali a cikin kowace ƙwayar halitta. A 2011 Dean da abokin aikinta Martin Howard, wanda ya fito daga fannin lissafi da kimiyyar fiziks, suka nuna ba haka ba ne. Ka ɗauki unguwa da dare, kowane gida da fitila ɗaya, ko a kunne ko a kashe, babu rage haske. Wanda ke kallo daga nesa zai ga unguwar tana duhu a hankali, alhali gidaje ne ke kashe fitilunsu ɗaya-ɗaya. Haka FLC take. A kowane mako na sanyi wasu ƙwayoyin suna rufe tasu ruf, kuma tsawon hunturun yana rubuce ne a yawan waɗanda suka rufe. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa rabin horo ke ba da rabin sakamako.

Saura tambayar da ta fi ba ni sha'awa: da me shukar ke gane cewa sanyin ya daɗe? An yi shekaru ana neman wani ma'aunin zafi guda ɗaya a jikinta, ba a samu ba, kuma amsoshin da suka fito sun fi wanda ake nema daɗi. A 2020 ƙungiyar Dean da Howard ta nuna akwai wani furotin, NTL8, mai taimakawa wajen kunna VIN3, wanda shuka ke samarwa a kowane lokaci kuma ba ya saurin lalacewa. A cikin ɗumi shuka tana girma da sauri, ƙwayoyin halitta suna ta rarrabuwa, sai furotin ɗin ya tsinke a tsakaninsu bai taru ba. A cikin sanyi girma yakan ja baya, sai ya yi ta taruwa. Jinkirin girman da sanyi ke haddasawa shi kansa ne agogon. Kafin wannan, a wani bincike da suka wallafa a 2018, sun dasa Arabidopsis a fili a Norwich da Suwidin suna bin ta kullum, suka ga cewa VIN3 ba ya tashi sosai muddin da rana zafi yana haura digiri 15, ko da dare yana da sanyi. Wato shukar ba sanyi kawai take saurare ba, tana kuma jiran ranar da ɗumi zai daina leƙowa. Kowane iri kuma da gwargwadon ƙasarsa: akwai Arabidopsis daga arewacin Suwidin wadda mako 4 ba ya isar ta, FLC ɗinta takan sake buɗewa da ɗumi ya dawo, sai ta sha kusan wata uku kafin ta amince.

Bayan an yi fure an ɗauki ƙwaya, ana goge alamar. Tun ɗan tayin yana cikin kwanson iri FLC ke sake buɗewa da cikakken ƙarfinta, don haka kowace zuriya sai ta sha nata hunturun. Dole ma haka ta kasance, domin irin da ya faɗi ƙasa a ƙarshen rani, in ya gaji horon uwarsa, zai yi fure a bakin sanyi ya mutu. A nan ne Lysenko ya faɗi. Ya ga abu na gaskiya, cewa yanayi yana barin tabo mai ɗorewa a jikin shuka, amma abin da ya gina a kai, cewa tabon yana bin jini, shi ne ainihin abin da shukar ta tanadi hanyar hanawa.

Alkama da sha'ir sun kai ga wannan dabara ta wata hanya dabam. Jorge Dubcovsky da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun gano manyan ƙwayoyin gadon uku a 2003 da 2004 da 2006. VRN3 ita ce takwarar FT, mai kiran fure. VRN2 ce ke danne ta. VRN1 kuwa a rufe take tun farko, sanyi ne ke buɗe ta sannu a hankali, kuma idan ta buɗe sai ta kashe VRN2, ta kuma tura idon tsiro ya fara gina zangarniya. A Arabidopsis sanyi yana rufe mai hanawa, a alkama yana buɗe mai turawa. Alkamar bazara ba wata halitta ce dabam ba: yawanci wani ɗan yanki ne na VRN1 ya canja ko ya guntule, sai ta taso a buɗe ba tare da sanyi ba. Da wannan ɗan canji ne aka iya noma alkama a filayen yammacin Kanada, inda hunturu ke kashe shukar da aka bari a gona, da kuma Indiya da Meziko da Sudan, inda hunturun bai isa ya yi horon ba. Inda yanayi ya ba da dama kuwa manoma sun fi son ta hunturu, domin ta riga ta kafa saiwa kafin bazara, ta fi daɗewa a gona, ta fi ba da amfani. Kusan kashi 70 cikin 100 na alkamar Amurka ta hunturu ce. Shi ya sa masu samar da iri a can ke sa ido a kan ɗumamar yanayi, domin hunturu mai yawan ranakun ɗumi yana iya barin horon bai cika ba, gona ta fid da kai a rarrabe.

A nan akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Manomin alkama a Kadawa ko kwarin Haɗeja zai ce maka alkama sai da sanyi, kuma gaskiya ya faɗa, amma ba wannan horon take nema ba. Alkamar da ake nomawa a arewacin Najeriya da noman rani ta bazara ce, za ta fid da kai ko ba ta sha sanyin kirki ba. Amfanin hunturu a gare ta shi ne rage mata gaggawa, ta samu ta yi 'ya'ya da yawa a gindi, zangarniya ta yi tsawo, ƙwaya ta cika kafin zafin Maris ya iso. Dalilin da ya sa ake matsa wa manoma su shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ke nan. Wanda kuwa ya ɗebi alkamar da ake shigowa da ita ta jirgin ruwa domin niƙa ya mayar da ita iri, yana iya faɗawa kan ta hunturu, domin Najeriya ta daɗe tana sayen irin wannan daga Amurka da Rasha. In haka ta faru, ganye zai yi ta ba wa ruwa har rani ya ƙare. Sanyin Kano a Janairu yakan sauka wajen digiri 13 da dare, wani lokaci ƙasa da haka, amma da rana ya koma kusa da 30, kuma mun ga abin da ɗumin rana ke yi wa ƙirgar.

Wannan ne ma ya sa mai lambun kabeji ke sayen iri na gwangwani ko na leda kowace shekara. Kabejin yana naɗewa da kyau a hunturunmu, amma samun makonni a jere na sanyin da bai haura digiri 10 ba, bayan shukar ta girma, abu ne da yawancin ƙasarmu ba ta da shi. Latas kuwa da ake gani yana miƙewa ya yi ɗaci ya yi fure idan zafi ya shigo, nasa akasin haka ne, zafi ne ke tunzura shi. Furen mangwaro a hunturu ma wani babi ne dabam, haka bukatar sanyi ta itacen tuffa, wanda ya riga ya ƙulla furensa tun kafin hunturu, sanyin farkar da shi kawai yake yi.

Inda horon sanyi ya shafe mu kai tsaye shi ne albasa. Albasar Turai tana son digiri 7 zuwa 12 na makonni kafin ta fid da sandar fure. Albasar Afirka ta Yamma, irin ta Galmi a Nijar, da ta Aliero a Kebbi, da ta Bawku a Gana, ta daɗe a hannun manomanmu har bukatarta ta sauko, sanyin dare na hunturu ya ishe ta. Shi ya sa muke iya fitar da irin albasa a gida alhali ba ma iya fitar da na kabeji. Ita ma albasa ba ta fara ƙirga sai ta wuce ƙuruciya. Ƙaramin dashe mai ganye uku ko huɗu sanyi yakan wuce ta kansa bai ji ba, amma wadda ta yi ƙwari, ko kan albasa babba da aka ajiye aka sake dasawa, nan da nan take ɗauka. Mai neman iri wannan yake so: ya zaɓi manyan kawuna masu kyau, ya dasa su a farkon hunturu, su fid da sanduna masu farin fure a dunƙule, ƙudan zuma su yi ta kai-kawo, ya samu baƙin iri.

Mai neman kan albasa na kasuwa kuwa fure asara ne a wurinsa. Idan ya yi dashe da wuri har shukar ta girma kafin tsakiyar sanyi, sai ya ga sanduna suna ta fitowa a cikin fangali. A tuge irin wannan a yanka, za a ga sandar ta ratsa tsakiyar kan, ta yi tauri, wuyan ya ƙi rufewa. Ba ta ajiyuwa, ruɓa take yi, kuma 'yan kasuwa sun san ta, ba sa ba ta kuɗin kirki. Jarabar da ke biyo baya ita ce manomi ya ce tun da ta riga ta yi fure, bari in bar ta in ɗebi iri, na huta da jiran shekara ta biyu. Sanyin da uwar ta sha ba zai bi irin ba, wannan mun gani. Abin da zai bi shi shi ne halin saurin amsa sanyi, domin albasar da ta yi fure a shekarar farko ita ce wadda takunkuminta ya fi na sauran sako-sako tun asali, kuma wannan a ƙwayar gado yake. Wanda ya yi shekara uku ko huɗu yana ɗibar iri daga irin waɗannan zai ga gonarsa tana ƙara cika da sanduna kowace shekara. Irin da ya dace a ajiye shi ne na kawunan da suka ƙi yin fure a shekarar farko, suka jure ajiya a rumbu ba su ruɓe ba, sannan aka dasa su a hunturu na biyu.